Babi na Bakwai: Garka Bayan Ɗaukewar Ruwa

Ruwan ƙarshe ba ya sallama a Yamai. Wata rana a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba hadari zai haɗo daga gabas yadda ya saba, iska ta taso da jar ƙura, mata su yi ta gudun kwashe shanya, ruwa ya zuba na ɗan lokaci ya ɗauke. Sai an yi mako biyu ko uku sama tana fayau, sannan mutane za su fara cewa ashe wancan shi ne na bankwana. Mai garka da ya zauna jiran tabbaci ya riga ya yi asarar makonnin da suka fi kowane lokaci tsada a shekararsa.

Garkar da nake nufi a nan ita ce irin wadda ake gani a gefen birni: ta hanyar Kollo wajen Libore da Ndunga, ta hanyar Say a ƙetaren kogi, ko ta arewa wajen Tondibiya har zuwa Bubon. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya sayi fili, ya kewaye shi da danga, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro da lemo da gwaba, ya gina ɗan ɗaki da rumfa inda iyali za su zo su wuni ranar Lahadi. Wasu kuma gadonsu ne tun kaka da kakanni, a nan suke kwana a nan suke tashi. A ƙarshen damina duk kamarsu ɗaya. Kabewa ta haye danga ta leƙa maƙwabta, garafuni ya nannaɗe lalle, yakuwa ta yi jajawur, kuɓewa ta wuce tsayin mutum, zogale ya yi tsiri ya miƙe sama. Tafasa da gasaya da ba wanda ya shuka su sun cika kowane lungu. Baƙo in ya shigo sai ya ce masha Allahu, wannan wuri akwai albarka.

Akwai albarkar, amma ta aro ce. Yamai tana samun ruwan sama tsakanin milimita 500 zuwa 600 a shekara, kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ce ke ɗauke da kaso mafi girma. Abin da rana da iska za su iya tsotsewa daga ƙasa da ganye a shekara guda ya haura milimita 2,000. Ƙasar kuma, in ka bar bakin kogi, yawanci jigawa ce mai rairayi, wani wurin da marmara a ƙarƙashi. Ba ta riƙe ruwa. Ga shi Oktoba a Yamai ba watan sanyi ba ne. Da zarar gajimare ya janye zafi kan dawo, ma'auni ya riƙa kusantar digiri 38 da rana, kafin hunturu ya ƙaraso a Nuwamba. Korayen ganyen da baƙo ke yabawa suna shan ragowar danshin Agusta ne, kuma duk ganyen da ya kwana a tsaye, na amfani da na banza, da bakinsa a cikin wannan ragowar.

Shi ya sa aikin farko na mai garka bayan damina yankewa ne.

A fara da ciyawa, kuma a yi sauri, don a wannan lokacin take zuba 'ya'ya. Ƙarangiya in tana kore ana tuge ta da hannu ba wahala. Bari ta bushe, sai ta kama wando da zane da jelar akuya, ta bi kowa ta watsu ko'ina, baɗi a same ta ninkin ba ninki. Haka tsaida, haka kashin yawo. Wadda ta fi su taurin kai ita ce jiji. Ka sare kanta da hauya yau, jibi ta fito tana sheƙi, saboda ranta yana ƙasa cikin 'yan ƙwallaye baƙaƙe da ke haɗe da juna da siririn zare. Sai an tona da zurfi an tsince ƙwallayen an shanya su a rana. Wanda ya sassare su da garma ya bar su a ƙasa, shuka su ya yi.

Abin da aka fi yi da wannan tarin ciyawa shi ne a cinna mata wuta, kuma na san dalilin: ana tsoron maciji da kunama, ana son wuri ya yi fes. Tsoron yana da tushe, don haka kada a sa hannu cikin tari sai an motsa shi da sanda. Amma ƙona ciyawar damina a ƙasa irin ta Yamai ɓarna ce babba. Ita ce kaɗai takin da gonar ta yi wa kanta. Masu ƙarangiya da jiji su kam a ƙone su, toka ma taki ce. Sauran a haƙa rami a inuwa, a shimfiɗa ciyawa, a bi ta da kashin awaki ko na shanu, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a sake wani shimfiɗin har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. In ka tura hannu bayan 'yan kwanaki ka ji ɗumi, aiki na tafiya. Ana juya shi lokaci-lokaci, kuma cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai laushi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya daka. Ɗanyen kashi kuwa in aka zuba shi kai tsaye a fangali yakan ƙona ƙananan shuka, ya jawo gara, ya kuma zo da 'ya'yan duk ciyawar da dabbar ta ci.

Tun da ana zagayawa, a kifar da duk wani gwangwani da fasasshen tulu da tsohuwar tayar mota da ruwa ya kwanta a ciki. Zazzaɓin cizon sauro a ƙarshen damina ya fi kwantar da mutane, kuma sau da yawa a bayan ɗaki ake kiwon sauron.

Kafin a tuge kuɓewa da tumatirin damina, a tsaya a dubi saiwarsu. A girgiza ƙasar a ɗaga ta a haske. In saiwar fara ce mai gashi-gashi, lafiya lau. In ta yi ƙulle-ƙulle ta kumbura, akwai wasu ƙananan tsutsotsi a ƙasar waɗanda ido ba ya gani, kuma duk tumatir ko yalo ko tattasan da aka maida wurin zai tsumbure, ya riƙa yin yaushi da rana ko da an cika shi da ruwa. Irin wannan fangali a ba shi albasa ko masara, a bar dangin tumatir su koma wani gefen. A nan ne kuma ake ware iri: kuɓewar da ta fi haihuwa a bar mata 'ya'yan ƙarshe su bushe a jikinta, haka yakuwa da kabewa. Irin kanti mai alamar F1 a jikin leda shi ne ba a ajiye 'ya'yansa, don abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba.

Sai itatuwa. Zogale ba ya son tausayi. In an bar shi sai ya yi ta tsawo, ganyen ya koma can sama inda hannu ba ya kai. Masu noman sa na sayarwa, irin mutanen Sarando da ke cika kasuwannin Yamai da ganyen da ake kwaɗawa, datse shi suke yi daidai ƙugu ko ƙasa da haka, bayan 'yan makonni ya fito da rassa da yawa masu laushin ganye. Shingen lalle ma a aske shi, a shanya ganyen a inuwa. A jikin lemo da gwaba a nemi kauci a sare reshen da ya kama tun bai yi 'ya'ya tsuntsaye sun kai shi gaba ba. Ɗan aure, ko mangwaro ko lemo, a duba gindinsa: duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren na uwar gindi ne, in aka bar shi zai ƙwace abincin ya kashe na saman. Mangwaro babba kuwa a ƙyale shi. Da sanyin Disamba da Janairu yake fure, a bakin rassan da suka riga suka ƙosa, saboda haka wanda ya bi shi da adda a Nuwamba ya sare mangwaron Afrilu. Ba ya kuma buƙatar ruwa a wannan tsakanin, ɗan ƙishin nan yana taimaka masa ya yi fure maimakon ya ɓata ƙarfinsa wajen sabon ganye. Furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, bugenbiliya, halinsa ke nan shi ma: da damina ganye ne zalla, sai ƙasa ta bushe yake yin ja da ruwan hoda har ya rufe bango.

Mafi wuyar shawara ita ce ta ruwa, don a nan ne mutum zai zauna ya faɗa wa kansa gaskiya. Daga Oktoba har Yuni, wata takwas ke nan, kusan ba ɗigon da zai sauka sai wanda aka ja da guga, ko inji ya turo, ko aka biya kuɗinsa a famfo. Rijiya a Oktoba cike take, tana ruɗin mai ita. Abin tambaya shi ne nawa take bayarwa a Afrilu. Dattawan masu garka in sabon shiga ya zo da zumuɗi yana auna fangali talatin, abin da sukan ce masa bai wuce wannan ba: "Ɗana, wa zai ja maka ruwan?" In ya ce, "Baba, ai na sayi inji," sai su ce to, Allah ya sa man ya yi araha. Na fi ganin hikima a fangali goma da za su kai bazara a kan talatin da za a yi watsi da rabinsu a Fabrairu bayan sun sha iri da taki da gumi. Ayaba, alal misali, kyakkyawa ce a ido, amma in ba kusa da magudanar wanka ko bakin rijiya take ba, ita kaɗai za ta shanye rabon fangali da yawa.

Abin da aka yanke shawarar riƙewa sai a yi masa gata. Kowace bishiya a zagaye ta da kwari daidai inda inuwarta ta tsaya, don a nan ƙananan saiwoyi masu sha suke. Lemo a yi masa zobe biyu, ƙarami a jikin gindi wanda zai tare ruwa, babba a waje inda za a zuba. In ruwa yana kwanciya a jikin gindin lemo, ɓawon kan tsage ya riƙa fitar da ƙaro, daga nan sai bushewa. A lulluɓe kwarin da busasshiyar ciyawa ko karan shinkafa, wanda ake samu wajen Saga da Kirkisoy bayan girbi, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindi saboda gara.

Wanda garkarsa ke bakin kogi lissafinsa daban ne, kuma abin da ya sa yana da ban sha'awa. Kogin Isa, wanda 'yan Najeriya ke kira Kwara, sau biyu yake cika a Yamai. Cikar farko ta Agusta da Satumba ce, ruwan yana zuwa ja wur da laka, kuma na kusa ne: rafukan Sirba da Dargol da Goruwal ne ke kwaso shi daga ƙasar Burkina Faso da yammacin Nijar. Yakan zo da gaggawa ya koma da gaggawa. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini, ya bi ta Mali, ya bazu a babbar fadamar da ke tsakanin Mopti da Tumbutu ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, sai ya iso Yamai a Disamba da Janairu, lokacin da rabon garin da ruwan sama ya kai wata uku. Wannan ya fi tsabta, shi ake kira baƙin ruwa. Don haka wanda ya ga jan ruwa ya janye a Oktoba ya bi shi da dashe har bakin gaɓa, yana iya wayar gari a tsakiyar hunturu ya tarar da albasarsa a ƙarƙashin ruwa. Mutanen Gamkalle da Yantala da Lamorde sun san iyakar kowace cika, suna kuma bin ruwan a hankali yayin da yake sauka daga Fabrairu.

A da, baƙin ruwa shi ne babba. Cikin shekarun nan jan ruwa ya sha gabansa. Masu binciken ruwa, ciki har da na cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, suna danganta haka da sare dazuzzuka da komawar ƙasa fako: ruwan da a da yake nutsewa yanzu gangarowa yake yi gaba ɗaya. A Satumban 2020 kogin ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali ana shelar babban haɗari ne tun daga mita 6.20. Ruwa ya karya shingen ƙasa ya shiga unguwannin Haro Banda, ya cinye gidaje da gonakin shinkafa da garake. Kogin nan dai shi ne wanda ya daina gudu a Yamai a watan Yuni na 1985. Akwai masu garka da suka ga duka biyun da idonsu. Ga kuma dorina, wadda ba ta san danga ba.

Renon iri ba ya jira a gama duk waɗannan. Tumatir da kabeji da albasa da salati sanyi suke so, kuma sanyin Yamai gajere ne, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, da dare kan sauka wajen digiri 15. Wanda yake son shukarsa ta ci moriyar sanyin dole ya yafa iri tun a zafin Oktoba. Sai a yi ɗan fangali mai laushi, a ɗaga shi kaɗan, a ja layuka da ɗan yatsa, a zuba iri ba da yawa ba, a rufe da rairayi, a shimfiɗa ciyawa a sama. Ran da aka ga kawuna sun fara ɗago ƙasa a janye ciyawar a ɗaga ta kan 'yan sanduna ta zama rumfa, in ba haka ba dashen zai yi dogon wuya ya faɗi. Ruwa da sassafe da yamma, da buta mai ƙananan huji. In ya yi yawa sai ka ga ƙananan shukar sun ruɓe daga gindi sun kwanta layi guda. Tumatir da kabeji kan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, albasa sai ta yi wajen wata ɗaya da rabi, ta kai kaurin fensir. Irin albasar da kowa ke nema shi ne na Galmi, mai launin shunayya, wadda sunanta ya kai har kasuwannin Abijan da Akra. Dashe kuwa da la'asar ake yin sa, don shukar ta samu dare guda ta farfaɗo kafin rana ta same ta.

Wannan noma na bayan damina ya daɗe a bakin kogi da fadamu, amma bayan farin 1984 ne gwamnatin Seyni Kountché ta mai da noman rani abin kamfe a faɗin ƙasa, aka haƙa rijiyoyi aka raba iri. Kabeji da karas da dankalin Turawa da a da ake ɗauka abincin ma'aikata ne suka shiga tukunyar kowa. Daga baya cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki a kan ban-ruwa na ɗigo da kuma magarya mai aure, wadda 'ya'yanta suka ninka na daji girma. Ga mai ƙarancin ruwa wannan magaryar ta fi ayaba hankali nesa ba kusa ba, kuma ita ma datsewa take so kowace shekara.

In kana son ganin ƙwarewa ka leƙa kwarin Gunti Yena, wanda ya ratsa tsakiyar birni ya faɗa kogi. Fangali a jere ba tazarar banza, salati da na'a-na'a da alayyahu, mutum ɗauke da buta biyu yana kai da komo tun asuba. Sai dai ruwan kwarin haɗe yake da na magudanun gari. Masu bincike daga jami'ar Kassel ta Jamus da suka bi garaken Yamai sun nuna abu biyu: ana zuba taki fiye da abin da shuka ke iya ci, kuma ganyen da ake shayarwa da irin wannan ruwa yakan ɗauki ƙwayoyin cuta. Ban ga laifin mai garka da ba shi da wani ruwan ba. Amma mai rijiyar kansa ya san darajar abin da yake da shi, mai saye a kasuwa kuma ya wanke salatinsa da kyau.

Ƙwari su ma sun san damina ta wuce. Da daji ya bushe, fara da ɗango sukan nufo duk inda kore ya rage. Tsutsa tana cin zogale har ya koma tsinke, wata tana huda kabeji, ga kuma ƙaramar tsutsar nan mai shiga tsakanin fatar ganyen tumatir, wadda ta durƙusar da manoman Kano da Kaduna a 2016. Maganin da ke kusa shi ne dogon yaro, kuma Yamai ba ta rasa shi ba, tun da da shi aka fara kewaye birnin a 1965, ko da yake gine-gine sun ci wani sashe na wannan shingen. A daka rabin kilo na busassun 'ya'yansa, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da hayayyafa yake yi, don haka sai an maimaita duk mako. Ya fi maganin da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda a bakin hanya, wanda wani na auduga ne, a fesa wa salati yau a kai kasuwa gobe.

Kafin iskar hunturu ta kankama a gyara dangar gabas da arewa, don ta nan take bugowa. Karan hatsi yana da araha bayan girbi, zana ma haka, kuma darni mai 'yan kafofi ya fi katangar bulo rage ƙarfin iska, wadda kan haye bango ta faɗo da ƙarfi a bayansa. Dangar kuma tana da wani aikin: bayan girbi ake sakin dabbobi, kuma akuya ɗaya ta isa ta gama da renon wata guda kafin a idar da sallar azahar.

Saura abu ɗaya da sabon mai garka ba ya ganewa sai ya gani. Tun da kowa a lokaci guda yake dashe, a lokaci guda kaya ke nuna. A Janairu da Fabrairu tumatir da kabeji kan cika kasuwar Katako da ta Wadata har su rasa mai saye, zuwa Mayu kuma su zama sai mai hali. Mai garkar gida ba shi da dalilin shiga wannan turmutsitsi. Ya raba irinsa kashi uku, ya yafa na farko a Oktoba, na biyu bayan mako uku, na uku a farkon Disamba. Rarar tumatir a yanka a shanya ta zama kauɗa. Fangalin da aka kwashe wa salati a ƙarshen Fabrairu kada a maida masa salati, zafi zai sa ya yi tsiri ya yi ɗaci. A ba shi kuɓewa da alayyahu da lalo, su ne za su iya da rana ta Afrilu in rijiya ta riƙe.